Mala da Kiɗan da Waya Ba Ta Iya Ɗauka

A kudancin Landan akwai wani DJ da ake kira Mala, ainihin sunansa Mark Lawrence, wanda ya yi shekaru yana haɗa kiɗan da ya ƙi kaiwa kasuwa. Sai ya gama haɗa kiɗa, ya kai a yanka masa shi a kan faifai ƙwaya ɗaya, ya jefa a jaka, duk mai son ji kuma sai dai ya niƙi gari zuwa ɗakin da Mala zai kunna shi a wannan dare. Wasu daga cikin kaɗe-kaɗen nan sai bayan shekaru suka fito, wasu kuwa har yau masoyansa na roƙo. An kira wannan hali rowa, an kira shi girman kai. Ni a ganina Mala yana kan gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta wuce zancen kiɗa. Ta taɓo wata tambaya da ke gaban kowane babban birni: 'ya'yan talakawa suna da haƙƙin samun ɗakin da za su taru su ƙirƙiri abin kansu, ko kuwa duk wani taku na ƙasar birni na wanda ya fi iya biyan haya ne?

Ba za a gane dalilinsa ba sai an san irin kiɗan. Sunansa dubstep. Gudunsa bugu 140 ne a minti ɗaya, amma an tsara gangunan yadda kunne zai ɗauka rabin haka ne. A kowane bugu huɗu, sau ɗaya kacal bugu mai kaifi yake sauka, a kan na uku, sauran wurin kuwa a bar shi wayam. Abin da ke cike wannan fili shi ne bes, sautin nan mai kauri na can ƙasa. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kimanin girgiza 20 a daƙiƙa ɗaya har zuwa 20,000, su Mala kuwa a gindin wannan ma'auni suke aiki, wajen girgiza 30 zuwa 60. A nan igiyar sauti doguwa ce ƙwarai. Mai girgiza 40 tsawonta ya haura mita 8. Kafin a tura iska mai yawan haka sai an sami manyan sifikoki masu faɗin inci 18, a cikin akwatunan katako da aka ƙera don wannan aiki, a ɗora wani kan wani har su fi tsayin mutum. 'Yar sifikar da ke cikin waya ba ta iya fitar da shi ko kaɗan. Wanda ya kunna kiɗan Mala a wayarsa zai ji 'yan ƙwanƙwase-ƙwanƙwase da shiru mai yawa, ya ce wannan wane irin shirme ne. Bai yi ƙarya ba a kan abin da ya ji, sai dai fiye da rabin kiɗan bai iso gare shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa dab da tambari ranar hawan Sallah ya san abin da nake nufi, don kafin kunne ya tantance amon, ƙirji ya riga ya amsa.

Mala gadon wannan fasaha ya yi, kuma tushenta Jamaika. A birnin Kingston, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa cikin na 1950, talakan da ba shi da kuɗin shiga otal ya kalli makaɗa, ba shi kuma da garmaho a gida, a fili yake samun kiɗansa, inda masu kayan sauti irin su Duke Reid da Coxsone Dodd ke kafa sifikokinsu. Gasa ce mai zafi a tsakaninsu. Idan ɗayansu ya samo faifai mai daɗi daga Amurka sai ya kankare takardar da ke manne a tsakiyarsa, don kada ɗan leƙen asirin abokin hamayya ya karanta sunan ya je ya sayo irinsa. Daga baya suka koma yanka faifan kansu wanda babu mai shi sai su. Can sai ga King Tubby, mai gyaran rediyo da amfilifaya a unguwar Waterhouse. Shi ne ya riƙa ɗaukar waƙar da aka riga aka gama, ya zare muryar mawaƙi, ya bar ganga da bes tsirara, sauran kayan kiɗan kuma ya riƙa jefo su yana janyewa cikin amsa-kuwwa. Wannan salo shi ake kira dub. An harbe Tubby a ƙofar gidansa a shekarar 1989, amma abin da ya koya wa masu haɗa kiɗa bai mutu ba: ragewa ma aiki ce, kuma wani lokaci ta fi ƙari wuya.

A watan Yunin 1948 jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen tsibiran Karibiyan a tashar Tilbury, wasu dubbai suka biyo bayansu. Sun zo aiki a asibitoci da jiragen ƙasa da motocin bas, amma mashaya da gidajen rawa da yawa ba sa maraba da baƙar fata. Sai suka mayar da ɗakunan ƙasa na gidajensu da zaurukan unguwa wuraren taro, da sifikokin da suka harhaɗa da hannunsu. Cikin waɗanda suka taso a wannan yanayi babu kamar Jah Shaka, wanda aka kawo Landan daga Jamaika yana yaro, ya rasu a watan Afrilun 2023. Garmaho ɗaya yake aiki da shi. Shi ke zaɓar faifai, shi ke riƙe da makirufo, shi ke murɗa maɓallan, tun dare har gari ya waye, hankalinsa na kan kayansa. Jama'a ba kallonsa suke zuwa yi ba, zuwa suke su tsaya a cikin sautin. Duk wanda ya san daren Shaka, idan aka kwatanta masa daren Mala zai gane dangantakar nan take.

Sai dai ƙofar da Mala ya bi ya shiga gidan daban ce. Shi ɗan unguwar Norwood ne, kuma abin da ya kama zuciyarsa yana ɗan saurayi a farkon shekarun 1990 shi ne jungle, wani kiɗa mai tsananin gudu, bugu 160 zuwa sama a minti, wanda matasan Landan suka haɗa daga yankakkun ganguna da bes irin na Jamaika. Da makirufo ma ya fara, yana magana a kan kiɗa, kafin ya koma haɗawa. A gidajen rediyon bayan fage ake jin wannan kiɗa, waɗanda ba su da lasisi, masu kafa eriya a kan rufin dogayen gidajen gwamnati suna wasan ɓuya da hukuma. Rinse FM, wadda aka kafa a 1994, ta yi shekara 16 a haka kafin ta sami lasisi a 2010. A 2005 kotu ta haramta wa ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, DJ Slimzee, hawa rufin duk wani ginin da ya wuce hawa huɗu a gundumar Tower Hamlets. A dubi wannan hukunci da kyau. Saurayi ne da laifinsa watsa kiɗa, aka yanka masa iyakar tsayin da zai iya hawa a unguwar da aka haife shi.

Bayan jungle sai garage ya karɓe gari, kiɗa mai zaƙi da muryoyin mata, wanda ya zo da al'adar ƙawa: tufafi masu tsada, kwalaben shamfen, da masu gadin ƙofa da ke mayar da duk wanda ya sa takalmin wasanni ko hula. A gefen wannan kasuwa wasu irin su El-B da Zed Bias da Horsepower Productions suka fara cire zaƙin suna barin duhun. Wani ɗan shagon faifai a Croydon, a kudancin Landan, mai suna Big Apple ya zama majalisar masu wannan ra'ayi. Hatcha na bayan kanta yana sayar da faifai, yara irin su Skream da Benga, waɗanda a lokacin ba su kai shekara 20 ba, suna kawo abin da suka haɗa a ɗakunan kwanansu. A 2001 aka fara wani daren kiɗa mai suna FWD>>, wanda daga baya ya koma Plastic People, wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Shoreditch da bai wuce cin mutum 200 ba, baƙi ƙirin, babu abin kallo a ciki sai sifikoki masu kyau. A farkon lamari yawancin waɗanda ke cikin ɗakin su ne masu haɗa kiɗan da kansu, kowa ya zo ya ji yadda nasa zai yi amo a babbar sifika, ya kuma ji abin da ɗan'uwansa ya zo da shi.

Mala da abokinsa Coki suka haɗu a ƙarƙashin sunan Digital Mystikz, tare da Loefah da Sgt Pokes suka kafa kamfanin faifai na DMZ a 2004. A watan Maris na 2005 suka buɗe nasu daren da wannan suna a Brixton, a wani ɗaki da ke cikin ginin cocin St Matthew, sau ɗaya duk wata biyu. Brixton kuwa ba unguwar banza ba ce a tarihin baƙar fatar Ingila. Nan ne matasa suka yi arangama da 'yan sanda a 1981 saboda kamen zato da ya yi musu yawa. Takardar gayyatar DMZ ba ta yi wa kowa alkawarin holewa ba. Kira take a zo a nutsu, a yi tunani a ƙarƙashin nauyin bes. Babu dokar tufafi. Fitilu a kashe ko kusa da haka. Mutane na rawa kai a sunkuye, kowa da duniyarsa, amma ƙasa ɗaya ke girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu duka. A watan Janairun 2006 Mary Anne Hobbs ta tara su Mala a shirinta na BBC Radio 1, duniya ta ji. Wata biyu bayan haka, daren cikar DMZ shekara ɗaya, layin masu son shiga ya kai mutum wajen 600, har da waɗanda suka zo daga Amurka da Suwidin, dole aka tattara aka koma babban zauren da ke ginin.

Yanzu bari mu dubi faifan nan da ake ta ce-ce-ku-ce a kansa, wanda suke kira dubplate. Farantin alminiyam ne da aka shafe da wani irin fenti mai taushi, yana da wani ƙamshi nasa da duk mai harkar ya sani. Yawancin 'yan dubstep na farko a wani ɗakin yanka faifai mai suna Transition, a Forest Hill, suke yanka nasu. Mai haɗa kiɗa zai kawo aikinsa, injiniya ya saurara, ya daidaita, sannan ya sauke wata allura mai kaifi a kan farantin yana juyawa. Allurar na sassaƙa layin sauti kai tsaye yayin da kiɗan ke tafiya, wani siririn zare na fentin yana fita ana zuƙe shi da bututu. Idan an yi kuskure farantin ya tashi aiki. Bes kuma shi ne mai wuyar sha'ani a nan, domin idan ya yi yawa, ko aka baza shi hagu da dama, layin zai yi faɗin da allurar garmaho za ta yi tsalle ta fita. Dole a tattara shi a tsakiya, a auna shi. Bayan duk wannan wahala da kuɗin da aka biya, faifan ba ya daɗewa. Duk kunnawa ɗaya allura na cin wani abu daga jikinsa, bayan 'yan gomomin kunnawa sai ya fara shashshaka.

Mai lissafin riba zai ce wannan wauta ce, tunda ga kwamfuta da za ta riƙe kiɗa dubu goma ba tare da ko ɗaya ya goge ba. Ni kuwa a nan nake ganin hikimar. Saurayin da ke aikin albashi kaɗan, idan zai cire kuɗi daga aljihunsa ya yanka kiɗa, ba zai yanka wanda bai yarda da shi ba. Tun kafin jama'a su ji, ya riga ya yi wa kansa alƙalanci. Jakarsa kuma ba ta cin faifai fiye da abin da kafaɗa za ta ɗauka, saboda haka tun daga gida ya san me zai faɗa wa mutane a daren. Idan ya ɗora faifan, bes ya sauka, ɗakin ya ɗauki ihu, sai ya sa hannu ya juya faifan baya da ƙarfi, sautin ya yi ƙara ya mutu, ya sake farawa daga farko. Wannan ma gadon Jamaika ne. Ita ce hanyar da ɗaki ke yanke hukunci a kan kiɗa, nan take, gaban mai shi. Kiɗan da ya sha wannan jarrabawa wata da watanni, aka gyara shi aka sake yankawa, shi ne daga bisani ke fitowa kasuwa. Kiɗan da ake zubawa a intanet ranar da aka gama shi ba ya samun wannan tarbiyya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Idan kiɗa ba ya samuwa sai a ɗaki ɗaya, dole mutane su zo ɗakin. Idan sun zo za su ga juna. Baƙi da fari, ɗan Croydon da ɗan Bristol, mai haɗa kiɗa da mai ɗaukar hoto da mai rubutu, a kan layi ɗaya suke tsayawa cikin sanyi. A irin wannan tsayuwa ake ƙulla abota, a yi musayar lamba, a kafa kamfanin faifai. Deep Medi, kamfanin da Mala ya kafa a 2006, ya fitar da ayyukan matasa da dama, har da na wasu daga Japan da Finland, waɗanda ta wannan hanya aka san su. Abin da ake kira rowa shi ne ya tara jama'ar.

Daga wajen 2010 sunan dubstep ya tsallaka Amurka ya zama wani abu dabam. Aka ɗauke nauyin daga ƙasa aka mayar da shi tsakiya, inda sauti ke ƙara da gurnani, domin wannan shi ne abin da ƙaramar sifikar kwamfuta da abin sawa a kunne ke iya fitarwa. Shirun da ke tsakanin bugu da bugu aka cike shi taf. A watan Fabrairun 2012 Skrillex, wani mai haɗa kiɗa ɗan Amurka da ya yi fice a wannan sabon salo, ya lashe kyautar Grammy uku, manyan filayen wasa suka cika, kamfanoni suka riƙa sa kiɗan a tallace-tallace. Ba na cikin masu zagin Skrillex. Yana da basira, kuma miliyoyin matasa sun ji daɗin aikinsa da zuciya ɗaya. Abin da nake so a lura da shi kawai shi ne na'urar sauraro ce ta sauya kiɗan. Da aka raba shi da ɗakin da aka haife shi, sai ya ɗauki siffar wayar da ya koma ciki.

A daidai lokacin da kuɗi ke zuba a wannan harka, da Mala ya so da ya bi ayari ya kwashi rabonsa, don sunansa na cikin waɗanda suka kafa ta. Sai ya nufi Kyuba tare da Gilles Peterson, wani DJ mai gabatar da shiri a rediyo, ya zauna da makaɗan Havana, ciki har da ƙungiyar mai kiɗan fiyano Roberto Fonseca, ya ɗauki sautin gangunansu ya dawo Landan ya gina kundin da ya fito a 2012. Bayan shekara huɗu ya yi irin wannan da makaɗan Peru. Ba kowane masoyinsa ne ya ji daɗin waɗannan ayyuka ba, wasu sun fi son tsohon salon. Ni abin da ya burge ni shi ne mutumin da ake ɗauka a matsayin malami a fanninsa ya yarda ya koma ɗalibi a gaban masu ganga, a lokacin da kasuwa ke roƙonsa ya maimaita abin da ya riga ya iya.

Akwai ƙorafi a kan wannan tafarki, kuma wasu daga ciki suna da nauyi. Wanda ya fi damuna shi ne na nisa. Yaron da ke Kano ko Damagaram ko Kumasi, mai kunnen kiɗa, wanda ba zai taɓa samun bizar Ingila ba, me aka bar masa? An gaya masa akwai wani abu mai daraja, an kuma gaya masa ba zai ji shi yadda yake ba. Wannan rashi ne na gaske, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Amma idan aka duba da kyau, abin da ya fi cancanta a ɗauka daga su Mala hanyar aikinsu ce, faifan kuwa sakamako ne kawai. Matasan unguwannin talakawa na Durban a Afirka ta Kudu ba su jira Landan ba. A ɗakunansu suka haɗa nasu kiɗan mai suna gqom, motocin haya masu manyan sifikoki suka yaɗa musu shi, sai ga Landan ɗin ce ke nemansu. Haka kiɗan singeli ya fito daga unguwannin Dar es Salaam. Kowannensu ya sami wurin taronsa da sifikarsa da jama'arsa, ya yi kiɗan da ya dace da wurin.

Na kuma san da yawa daga cikin masu karanta wannan, da sun ji an ce gidan rawa abin da zai zo musu a rai shi ne giya da ƙwaya da lalacewar tarbiyya. Ba zan ce babu ba. Akwai giya, akwai wiwi, akwai ƙwaya, kuma an yi asarar rayuka. A 2016 matasa biyu 'yan shekara 18 suka mutu bayan shan ƙwaya a fabric, ɗaya daga cikin manyan gidajen rawa na Landan, majalisar gundumar Islington ta ƙwace lasisinsa, sai a farkon 2017 aka sake buɗe shi bisa tsauraran sharuɗɗa. Iyayen yaran nan babu wata hujjar fasaha da za ta share musu hawaye. Ba kiran kowa nake ya tafi gidan rawa ba, kuma wanda addininsa ko tarbiyyarsa ta hana shi, ina girmama matsayinsa. Sai dai wanda ke mulkin birni irin Landan dole ya tambayi kansa inda matasan za su nufa idan ya rufe ɗakin da ke da lasisi da masu gadi da ma'aikatan agajin gaggawa. Ba gida suke komawa su kwanta ba. Tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya suke fasawa, inda babu ƙofar tsira idan gobara ta tashi, babu mai kiran motar asibiti da wuri don tsoron 'yan sanda.

Kuma zargin ba a raba shi daidai ba. A 2005 rundunar 'yan sandan Landan ta fito da wata takarda mai lamba 696, wadda mai shirya taron kiɗa zai cike kwana 14 kafin ranar. Za a rubuta suna da adireshi da lambar wayar kowane DJ da mai riƙe makirufo, da irin kiɗan da za a yi. A sigarta ta farko har da tambayar wace ƙabila ake sa ran za ta halarta. An cire wannan tambaya bayan an yi ta suka, amma takardar ta ci gaba da aiki, kuma tarukan da ke da DJ da mai makirufo ta fi shafa, wato kiɗan baƙar fata. An soke taruka da dama ta dalilinta, musamman na 'yan grime, 'yan'uwan dubstep na jini da suka fito daga gidajen rediyo ɗaya. Sai a watan Nuwamban 2017 aka soke ta, bayan magajin gari Sadiq Khan ya nemi a sake duba ta. Shekara 12 ke nan. A cikin waɗannan shekaru Birtaniya na alfahari da kiɗan nan a idon duniya, tana kuma tantance masu yin sa kamar waɗanda ake tuhuma.

Ƙorafin maƙwabta shi ma gaskiya ne. Doguwar igiyar sautin nan da ke sa bes ya ratsa ƙirji ita ce ke sa ya ratsa bango, mai jariri ko mai fita aikin asuba kuma yana da haƙƙin barci. Kunnen masu rawar ma abin tausayi ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wuraren kiɗa ya wuce desibel 100, kuma ina goyon bayan a tilasta wannan, a kuma raba abin toshe kunne kyauta a ƙofa. Amma yadda rikicin maƙwabtaka ke faruwa a Landan yana da ban takaici. Unguwa tana zaune a wulaƙance, haya da arha, masu fasaha su shigo su buɗe ɗan ɗaki. Sunan unguwar ya yi tashe saboda su. Sai masu gine-gine su zo su kafa gidaje masu tsada jikin ɗakin, suna tallar cewa unguwa ce mai rai da dare. Sababbin mazauna su tare, su kai ƙarar hayaniya, a ɗora wa mai ɗakin kuɗin toshe sauti da ba zai iya biya ba, ko mai gida ya ninka masa haya. Wani rahoto da ofishin magajin garin Landan ya fitar a 2015 ya nuna birnin ya rasa kashi 35 cikin 100 na ƙananan wuraren kiɗansa tun daga 2007. Plastic People kansa ya tsallake barazanar ƙwace lasisi a 2010, ya rufe ƙofarsa a farkon 2015.

An ɗan farga. A 2018 aka shigar da wata ƙa'ida cikin tsarin gine-ginen Ingila da ta ce wanda ya zo daga baya shi ke da alhakin kare kansa daga ƙara. Idan ka gina gidaje kusa da gidan kiɗan da ka tarar, kai za ka biya kuɗin bango mai kauri da tagogi masu toshe sauti. Wannan adalci ne, kuma ya kamata a ce tun tuni aka yi shi. Sai dai ƙa'idar ba ta taɓa batun haya ba, haya kuwa ita ce ke kashe ɗaki mai cin mutum 200. Irin wannan ɗaki ba ya iya kawo riba mai yawa ko da ya cika kowane dare, balle daren da mutum 30 ne suka zo jin wani sabon abu da ba shi da suna tukuna, alhali irin wannan daren ne ya haifi dubstep.

A 2024 kwamitin al'adu na majalisar dokokin Birtaniya ya ba da shawarar a riƙa cire wani ɗan kaso daga tikitin manyan filayen wasa a tallafa wa ƙananan wurare, abin da ƙungiyar Music Venue Trust, mai kare ƙananan wuraren kiɗa, ta daɗe tana nema, fam 1 a kan kowane tikiti. Gwamnati ta amince da manufar amma ta bar ta a matsayin ganin dama. A nan nake ganin an yi sake. Kamfanin da ke cika fili mai cin mutum 20,000 da kiɗan da aka rena a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, fam 1 ba sadaka yake bayarwa ba, bashi yake biya, kuma ba a barin biyan bashi ga ganin damar wanda ake bi. A mayar da shi doka, a kuma tabbatar kuɗin ya isa ga ɗakunan DJ da masu kayan sauti na unguwanni irin su Brixton da Croydon da Tottenham, kada ya tsaya a wuraren masu jita kaɗai, waɗanda tun asali takarda mai lamba 696 ba ta dame su ba.